Rawaya

Rawaya tsiro ne na daji mai daɗewa a ƙasa, wanda masana tsirrai ke kira Cochlospermum tinctorium. Ana samun ta a dazukan ciyayi na Afirka, tun daga Senegal har zuwa Sudan, kuma sananniya ce a karkarar Jihar Kaduna. Tsawonta bai cika kai mita 1 ba. Ƙarfinta duk yana cikin ƙasa, inda take da saiwa mai kauri, wadda in an sare ta cikinta yake ruwan ɗorawa sosai.

Ba ta buƙatar ƙasa mai taki. Ta fi yawa a fako, da wurare masu tsakuwa da marmara, da gonakin da aka bari su huta, matuƙar rana na samunta sosai. Da damina takan fito da rassa da ganye mai yatsu, galibi biyar. Idan kaka ta wuce sai ganyen ya zube, rassan su bushe. Abin da ya bambanta ta da yawancin tsirrai shi ne lokacin furenta: a tsakiyar rani, bayan an ƙona daji, manyan furanni masu ruwan ɗorawa kan ɓullo dab da ƙasa, babu ganye ko ɗaya. Wuta ba ta kashe saiwar. Daga baya furen kan zama ƙwanso mai ɗauke da iri lulluɓe da farin gashi irin na auduga. Akwai 'yar'uwarta, Cochlospermum planchonii, wadda ta fi ta tsawo, ita kuma da damina take fure a saman rassa.

Saiwar ce ake haƙa don magani. Akan wanke ta, a yayyanka, a shanya, sannan a daka ta zama gari, ko a jiƙa ko a dafa a sha ruwan. Masu maganin gargajiya sun fi ba da ita ga mai ciwon shawara da sauran larurar hanta, sai zazzaɓin cizon sauro da ciwon ciki. Masu bincike, har da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun gwada ruwanta a kan ɓeraye, sun ga alamun tana rage zafin ciwo da kumburi. Gwajin dabba dai ba ya fayyace adadin da ya dace da mutum, kuma shawara na iya zama alamar cutar hanta mai tsanani, don haka wanda idonsa ya canja launi ya fara zuwa asibiti a auna jininsa.

Ana kuma rina zane da ita, wasu kan zuba garinta a miya ko man kaɗe don launi.

Abin damuwa shi ne yadda ake cire ta. Tunda saiwa ake nema, kowane haƙa kan tafi da tsiron ɗungurungum, ga shi ba a cika shuka ta a gona ba. Hakan, haɗe da faɗaɗa gonaki, yana rage ta a kusa da garuruwa.