Baƙon shekara guda: dokar zaman 'yan fansho a Tailan

Duk wanda ya taɓa zuwa Bankok sarin kaya a unguwar Faratunam zai yi wuya bai ga irin waɗannan dattawan ba, Turawa masu furfura da gajeren wando da silifa, suna tafe ba gaggawa. Da yawansu 'yan fansho ne daga Ingila, Jamus, Amurka, Ostareliya ko Japan, waɗanda suka tattaro nasu ya nasu suka zauna a Ciyan Mai, Fataya, Huwa Hin ko Fuket saboda rahusar rayuwa, ɗumin yanayi da asibitoci masu kyau. Idan ka gan su sai ka ɗauka sun zama 'yan gida. A idon doka kuwa kusan kowannensu baƙo ne da aka ba izinin shekara ɗaya tak, ko da ya shekara 20 a ƙasar, kuma kowace shekara sai ya koma ya sake roƙo.

Tushen al'amarin shi ne Dokar Shige da Fice ta 1979, wadda a takardun ƙasar za ka ga an rubuta 2522, domin kalandarsu ta addinin Buda tana gaban ta Miladiyya da shekara 543. Kada wannan ya ruɗa mutum idan ya ga rasit ɗauke da wata shekara da ba a kai ba tukuna.

Abin da jama'a ke kira bizar ritaya a gaskiya ƙofa biyu ce. Ta farko ana kiranta O-A, ana nemanta tun daga gida a ofishin jakadancin Tailan. A nan za a buƙaci takardar 'yan sanda da ke nuna ba ka da tabon laifi, da takardar likita da ke cewa ba ka ɗauke da kuturta, tarin fuka, tundurmi, tunjere da ya yi nisa ko jarabar ƙwaya. Tun ƙarshen Oktoban 2019 kuma aka wajabta wa masu wannan biza inshorar lafiya. Da farko bat (kuɗin Tailan) 400,000 ne na kwanciya asibiti da 40,000 na ganin likita a koma gida, daga baya aka ɗaga zuwa bat miliyan 3, kwatankwacin dala 100,000. Matsalar ita ce kamfanonin inshora ba sa ɗokin karɓar wanda ya haura 70, idan sun karɓa kuma sai su cire cutar da ya zo da ita, wato ainihin wadda yake tsoro. Shi ya sa yawancin dattawan suka fi bin ƙofa ta biyu, bizar O ta kwana 90, wadda idan ta kusa ƙarewa mutum zai je ofishin shige da fice na lardin da yake zaune ya nemi a ƙara masa shekara guda. Wannan hanyar ba ta tilasta inshora. Ko wacce ƙofa aka bi, sai mutum ya cika shekara 50.

Maganar kuɗi ita ce ƙashin bayan komai. Wajen neman ƙarin shekara, doka ta ba da zaɓi: ko a nuna bat 800,000 a asusun wani banki na cikin Tailan da sunan mai nema shi kaɗai, ko a nuna kuɗin shiga na bat 65,000 duk wata, ko a haɗa ajiya da kuɗin shiga na shekara su kai 800,000. A shekarun nan 800,000 ɗin wajen dala 22,000 zuwa 26,000 ne, ya danganta da canji. Wanda ya auri 'yar ƙasa yana da tasa hanyar daban, bat 400,000 ko 40,000 a wata.

Ba yawan kuɗin ne ya fi kayar da mutane ba, kwanakin da za su kwana a banki ne. Tun Maris 2019 ƙa'idar ta zama haka: 800,000 ɗin su cika wata 2 a asusu kafin ranar nema, su ƙara wata 3 bayan an ba da izini, sa'an nan a sauran watannin kada ragowar ta yi ƙasa da 400,000. A ce dattijo zai kai takardunsa ranar 1 ga Yuni. Ke nan tun 1 ga Afrilu kuɗin su kasance cif, kuma ba zai taɓa su ba sai Satumba ta kama. Daga nan yana da damar cin rabi, amma kafin Afrilu mai zuwa sai ya mayar. Wata biyar ke nan a shekara yana kallon kuɗinsa kamar mai azumi da tulun ruwa, rabin kuma ba ya taɓuwa muddin yana son zama. Idan banki ya zare ɗan kuɗin katin cirar kuɗi na shekara, asusu ya sauka zuwa 799,800 na kwana ɗaya, jami'i yana da hurumin ya ce sharaɗi bai cika ba. Shi ya sa masu wayo ke ɗora 'yan dubbai a sama, su kuma buɗe wani asusun daban na cefane.

Ranar sabuntawa tana da nata tsarin. Da sassafe za a fara da banki, a karɓo wasiƙar da ke tabbatar da abin da ke asusu, a saka ko bat 100 domin injin ya buga kwanan watan ranar a ɗan littafin ajiya. Daga nan sai ofishin shige da fice, wanda a Bankok yana can Cen Wattana, a ja lamba a zauna. Cikin fayil akwai fom mai suna TM7 da hoto manne, kwafin shafukan fasfo kowanne da sa hannu, kwafin littafin banki, takardar haya, a wasu ofisoshin har da taswirar hanyar gidanka da ka zana da hannunka. Kuɗin neman bat 1,900 ne. Abin da ke ba dattawan haushi shi ne doka ɗaya ce amma kowane ofishi da irin tasa fassarar, takardar da Ciyan Mai ta karɓa bara sai Fataya ta ce a ƙaro wata. A ganina wannan ne babban aibin tsarin, domin shi ke ciyar da dillalai. Akwai ejan na halal da aikinsu kawai jera takardu da riƙe layi. Akwai kuma masu cewa ka kawo wani abu su samo maka hatimi ba tare da kana da 800,000 ɗin ba. Ranar da asiri ya tonu, fasfon da ke ɗauke da hatimin naka ne, ejan yana gidansa yana barci.

Masu bin hanyar 65,000 a wata su ma suna da nasu ciwon kan. A da mutum kan je ofishin jakadancin ƙasarsa ya karɓo wasiƙa cewa fanshonsa ya kai. Daga farkon 2019 ofisoshin jakadancin Birtaniya, Amurka da Ostareliya suka daina bayarwa, suka ce ba su da hanyar tantance gaskiyar abin da ake faɗa musu. Yanzu 'yan waɗannan ƙasashe sai su nuna shaidar banki cewa kuɗin sun shigo daga waje kowane wata har wata 12, ba tsallake. Kuma da bat ake awo, ba da fam ko dala ba. A tsakiyar shekarun 2000 fam ɗaya yana ba da sama da bat 70, a 2019 ya faɗi ƙasa da 40. Baturen Ingila da ya zo yana da rara sai ya wayi gari fanshonsa bai kai sharaɗi ba, alhali ko kwabo ba a rage masa ba. Ƙari a kan haka, gwamnatin Birtaniya ba ta yi wa mazauna Tailan ƙarin shekara-shekara a fanshon gwamnati, yana tsayawa a inda yake, alhali wanda ya zauna a Filifin ana yi masa, saboda akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Duk ɗan fanshon da ya ga abin da faɗuwar naira ta yi wa kuɗinsa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

An sami hatimin shekara, to ba a gama ba. Sashe na 37 na dokar ya ce baƙon da ya zauna kwana 90 a jere sai ya sanar da hukuma inda yake zaune, ya kuma maimaita duk bayan kwana 90. Ana iya yi daga kwana 15 kafin ranar zuwa kwana 7 bayanta, da kai, ko ta aike, ko ta gidan waya, ko ta intanet idan shafin ya ga dama ya buɗe. Za a maƙala maka wata 'yar takarda a fasfo ɗauke da rana ta gaba. Kyauta ne, amma wanda ya makara tarar bat 2,000 ce, idan kuwa kama shi aka yi ta fi haka. Fita daga ƙasar na goge lissafin, a fara ƙirga daga ranar dawowa. Kuskuren da sababbin zuwa ke yi shi ne ɗaukar wannan sanarwa a matsayin ƙarin izini. Ba ta ƙara ko yini, adireshi kawai take tabbatarwa.

Sashe na 38 kuma nauyin mai gida ne: duk wanda ya sauki baƙo ɗan ƙasar waje, otal ne ko mai gidan haya ko ma matar mutum idan gidan nata ne, sai ya sanar cikin awa 24 ta fom ɗin TM30. Otal-otal suna yi da kansu. Masu gidan haya da yawa ba su damu ba, sai ɗan haya ya je sabunta izini a ce ina rasit ɗin, ya ƙare da biyan tarar laifin da ba nasa ba. Kafin a sa hannu a takardar haya gara a tambayi mai gida ko zai yi.

Tarkon da ya fi kowanne muni shi ne izinin dawowa. Hatimin shekara yana mutuwa ne da zarar mutum ya fita daga ƙasar, sai fa in ya sayi wannan izini tukuna, bat 1,000 na fita ɗaya, 3,800 na fita ba adadi. Ana samu a ofishin shige da fice da manyan filayen jirgi. Wanda aka yi wa rasuwa a gida ya ruga filin jirgi hankali a tashe ya manta, idan ya dawo zai tarar duk wahalar da ya sha ta bi ruwa, sai a faro daga farko. Wuce wa'adi kuma bat 500 ne kowace rana har zuwa 20,000. Wanda ya zarce kwana 90 ya miƙa kansa za a hana shi shiga shekara 1, wanda ya zarce shekara 5 a hana shi shekara 10, wanda kuma aka kama, ko kwanakin ba su da yawa, haramcin na iya kaiwa shekara 5.

Aiki haramun ne a kan wannan izini. Dattijon da ya buɗe wa matarsa gidan abinci, idan aka same shi a bayan kanta yana karɓar kuɗi, tara ce daga bat 5,000 zuwa 50,000 da kora. Fili ma baƙo ba ya mallaka. Abin da aka yarje masa shi ne ɗaki a dogon bene na haɗaka, muddin rabon baƙi a ginin bai wuce kashi 49 cikin 100 ba, ko hayar fili da aka yi wa rajista har shekara 30. Masu saye da sunan mata su sani a takarda na matar ne, idan aure ya mutu ko ita ta riga shi, zancen ya zama na kotu da dangi.

Sabon abin da ya tayar da ƙura shi ne haraji. Duk wanda ya kwana 180 ko fiye a Tailan cikin shekara, hukumar haraji na ɗaukarsa mazauni. A da idan ka samu kuɗi a waje bana ka shigo da su baɗi, babu haraji. Daga 1 ga Janairun 2024 aka rufe wannan ƙofa, kuɗin da aka samu daga ranar zuwa gaba suna shiga lissafi a duk shekarar da aka shigo da su. Ajiyar da aka tara kafin 2024 ba ta ciki, don haka takardar banki ta ƙarshen Disamban 2023 ta zama abin adanawa. Wannan ba ya nufin kowa zai biya, domin akwai rangwame ga masu shekara 65, akwai kuma yarjejeniyoyin hana biyan haraji sau biyu. Fanshon gwamnatin Amurka na tsofaffi, alal misali, Amurka kaɗai ke da ikon taɓa shi. Masu hannu da shuni kuwa an yi musu tasu ƙofar tun Satumban 2022, biza ta shekara 10 ga mai samun dala 80,000 a shekara, ba zaryar kwana 90 sai sau ɗaya a shekara, an kuma yafe musu harajin kuɗin waje.

Mai fasfon Najeriya da ke sha'awar wannan hanya ba shi cikin waɗanda ke shiga ba biza, sai ya nema tun daga gida, da katin rigakafin shawara a hannu.

Saura abin da mutane ba sa son ambata. Idan mai asusu ya rasu, banki na rufe asusun har sai kotu ta naɗa mai kula da gado, abin da kan ɗauki watanni, ga kuɗin asibiti na jira. Matar da ta zo daga waje tana zaune a ƙarƙashin izinin mijinta, nata izinin a jikin nasa yake rataye, shi ya sa wasu ma'aurata da suka haura 50 ke neman kowa nasa, ko da yake hakan na nufin 800,000 sau biyu. Wasiyyar da aka rubuta a Tailan da harshen ƙasar, a kan dukiyar da ke can, tana rage wa magada zarya. Kuma tun da yawancin mutanen ƙasar mabiya Buda ne masu ƙona gawa, Musulmin da ya zauna can ya kamata ya rubuta ƙarara cewa binne shi za a yi, ya kuma san limamin masallacin da ke kusa da shi. Masallatai da maƙabartun Musulmi suna nan a Bankok, Ciyan Mai da Fuket, balle lardunan kudu irin Fattani, Yala da Naratiwat, inda Musulmi suka fi yawa.