Kayan aikin naɗa koyil na sigarin lantarki

Koyil ɗan naɗaɗɗen waya ne da ke cikin kan sigarin lantarki. Idan wutar batir ta bi ta cikinsa sai ya yi zafi, zafin kuma ya mayar da ruwan da ya jiƙa lagwani tururi. Hon Lik, masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, shi ne ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003. Yawancin masu amfani da shi koyil ɗin kamfani suke saya, in ya ƙone su jefar, amma akwai kan da ake kwancewa, mai sanduna da sukuru, inda mutum ke ɗaura wayar da ya naɗa da hannunsa. Aikin na buƙatar kaya kaɗan. Galibinsu don aiki ya yi kyau ne, guda ɗaya kuwa don tsaron lafiya ne, shi ya sa ya cancanci a fara da shi.

Mitar auna turjiya

Turjiya ita ce yadda waya ke tauye gudun wuta, ana kuma auna ta da om, sunan da aka samo daga Georg Ohm, Bajamushen da ya bayyana ƙa'idar a 1827. Ƙa'idar ta ce idan aka raba ƙarfin batir da turjiyar waya, abin da ya fito shi ne yawan wutar da za a ja. Batirin da aka fi amfani da shi, mai lamba 18650, yana kai bolt 4.2 idan ya cika (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin batir, amfiya kuma ma'aunin yawan wutar da ake ja). Koyil mai om 0.5 zai ja amfiya 8.4 daga gare shi, mai om 0.2 kuwa zai ja amfiya 21. A ido kusan babu abin da ya bambanta su, amma na biyun ya riga ya wuce abin da batirin da iyakarsa amfiya 20 zai iya ɗauka. Idan aka ɗaura koyil biyu iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, turjiyar ta ragu da rabi, wutar da ake ja ta ninka. A nan sababbin hannu suka fi yin kuskure.

Mitar ƙaramin akwati ne mai ramin da ake murɗa kan sigarin a ciki, sai lamba ta fito a fuskarta. Tana nuna turjiya, tana kuma tona asirin haɗuwar wayoyi, wato inda koyil ya taɓa gindin kai ko murfinsa. Saboda haka ana aunawa sau biyu: kafin a rufe murfi da bayan an rufe. Lambar da ke tsalle sama da ƙasa alama ce ta sukurun da bai ɗauru ba.

Na'urorin da ke da allon sarrafa wuta kan ƙi kunnawa idan turjiya ta yi ƙasa da kima. Waɗanda ba su da shi, bututun ƙarfe ne kawai da makunni, babu abin da ke tsakanin batir da koyil. Batirin litiyam da aka matsa wa fiye da ƙarfinsa yana iya yin zafi ya fesar da iska mai ƙuna ko ya fashe, ga shi kuma abu ne da ake riƙewa dab da fuska. Wanda ba shi da mita bai shirya naɗa koyil ba, komai ƙwarewar yatsunsa. Haka nan batirin da rigarsa ta leda ta yage bai kamata a yi aiki da shi ba sai an sake masa wata, domin duk jikin gwangwanin da ke ƙarƙashinta yana ɗauke da wuta.

Waya

Wadda aka fi farawa da ita ita ce Kanthal, haɗin baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, wanda Hans von Kantzow ya samar a Suwidin. Tana riƙe siffar da aka ba ta, ba ta da wuyar sha'ani. Nikurom, haɗin nikel kashi 80 da kuromiyam kashi 20, ta fi ta saurin ɗaukar zafi kuma turjiyarta ta fi ƙasa. Ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316L yana aiki da na'ura ta yau da kullum da kuma mai daidaita zafi. Zallar nikel da taitaniyam kuwa sai da na'ura mai daidaita zafi kaɗai, kuma ba a gasa su har su yi ja.

Lambar kaurin waya a juye take: idan ta hau, wayar ta sirance, turjiya ta ƙaru. Lamba 24 kaurinta kusan milimita 0.5 ne, 26 kusan 0.4, 28 kusan 0.32. Naɗi bakwai na Kanthal lamba 26 a kan sanda mai milimita 3 yana ba da kusan om 1.

Naɗi da yanka

Ana naɗa wayar a kan sandar ƙarfe mai kauri sananne, galibi milimita 2 zuwa 3. Akwai sanduna na musamman masu hula da ake juyawa, amma jikin ƙaramin sukudireba ma yana yi, muddin an san faɗinsa. Sukudireba ko makulli mai kusurwa shida na ɗaure ƙafafun koyil, ƙaramar filaya mai tsinin baki na lanƙwasa su. Abin yankan waya ya kamata ya zama mai shafaffen baki da ke yankewa dab da sandar da aka ɗaure ƙafar koyil a jikinta, domin guntun da ya rage a waje shi ne ke taɓa murfi.

Masu yin koyil ɗin Clapton, wanda ake nannaɗe siririyar waya a kan mai kauri har ya yi kama da tsirkiyar jita, suna ƙarawa da injin huda na hannu don juya wayar. Wannan ado ne na waɗanda suka daɗe a harkar.

Hantsaki mai bakin tangaran

Bayan an ɗaura koyil an auna, ana ɗan kunna wuta kaɗan-kaɗan ba tare da lagwani ba, a ga yadda yake ja. Koyil mai kyau daga tsakiya yake fara ja, jan ya bazu zuwa gefuna. Idan wani wuri ya riga sauran haske, to wuta na tsallake wasu naɗe-naɗen, sai a matse su ko a goga musu bakin hantsaki a hankali. Tangaran ba ya ɗaukar wuta kuma yana jure zafi, don haka ana iya matse koyil da shi yana kunne. Hantsakin ƙarfe a wannan lokaci haɗa wuta zai yi nan take. Amfaninsa na zuwa ne daga baya, wajen cusa lagwani.

Lagwani

Auduga ce da ba a zuba wa sinadarin faranta launi ko turare ba, an fi sanin ta Japan da ke zuwa falle-falle. Ana yanka ta da almakashi mai kaifi, a zura ta cikin koyil yadda za ta wuce da ɗan tauri. In ta matse da yawa ruwa ba zai bi ta ba, sai ta ƙone. In ta yi sako-sako sai kai ya riƙa yoyo. Ƙonewar ba ɗaci kaɗai take jawowa ba: ruwan da ya sha zafi fiye da kima yana fitar da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid.

Lafiya da doka

Kayan aiki masu kyau suna rage haɗarin batir, amma ba sa mayar da tururin abu marar illa. Nikotin na kama mutum ya kasa dainawa, yana kuma da haɗari musamman ga matasa da masu juna biyu. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins da aka wallafa a 2018 ya gano darma da kuromiyam da nikel da manganis a tururin na'urorin da aka gwada, kuma masu binciken sun danganta hakan da wayar da ke zafi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Indiya ta haramta sayar da sigarin lantarki a 2019, Amurka ta ɗaga shekarun saye zuwa 21 a ƙarshen 2019, Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade tankin ruwan sigarin a mililita 2, nikotin a miligiram 20 cikin kowace mililita.