Yaron da haruffa ke yi wa rawa: tambayoyi kan disleksiya a fim

Masu kallon finafinan Indiya da yawa a wajenmu sun fara jin labarin disleksiya ne a bakin Aamir Khan, a cikin fim ɗin Taare Zameen Par na shekarar 2007. Ga tambayoyin da mutum kan yi bayan ya share hawaye.

Wai mece ce disleksiya?

Matsala ce ta koyon karatu da rubutu da ake haifar yaro da ita, kuma tana bin dangi. Idonsa lafiya lau, hankalinsa daidai, idan ana hira ma sai ya fi kowa zuba. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen haɗa harafi da sautinsa. Kalmar da ɗan ajinsa zai karanta cikin ƙiftawar ido, shi sai ya yi ta kokawa da ita gaɓa-gaɓa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa sunan a shekarun 1880. A 1896 kuma likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na mutane, wato da wuya a sami aji mai yara hamsin babu ko ɗaya.

Me ya sa wannan fim ɗin yake sa manya kuka?

Saboda an yi haƙuri wajen gina shi. Amole Gupte ne ya rubuta labarin, Aamir Khan ya ba da umarni, amma shi kansa, a matsayin malamin zane, bai fito ba sai dab da hutun rabin fim. Kafin nan, fiye da awa guda, mai kallo yana tare da Ishaan, yaro ɗan shekara takwas wanda Darsheel Safary ya fito a matsayinsa. Muna ganin littafinsa cike da jan biro. Muna ganin an kore shi daga aji, ya tsaya a bakin ƙofa yana yaƙe don kada a ga zuciyarsa ta karye. A jarrabawar lissafi an ce uku sau tara, shi kuwa tunaninsa ya lula sararin samaniya, duniya ta uku ta yi karo da ta tara ta farfasa ta, sai ya rubuta 3 yana murna. Dariya za ka yi, amma ka riga ka shiga kansa.

Sai aka kai shi makarantar kwana a matsayin horo. Motar iyayensa ta juya, yana tsaye da sababbin kayan makaranta, waƙar kiran uwa tana tashi. A nan ne mutane ke kasa riƙe kansu. A ganina ba tausayin Ishaan kaɗai ba ne. Kowa yana da wani da ya tuna: ɗan ajinsu da ake ce wa daƙiƙi, ko ƙanen da aka ce kansa ba ya ja, ko kuma ɗan cikinsa da ya tsula wa bulala jiya a kan aikin gida. Fim ɗin bai yi uban mugu ba. Mutum ne mai fita da sassafe neman na kai, yana tsoron kada ɗansa ya lalace. Shi ya sa iyaye ke ganin kansu a cikinsa. Da malamin zane ya miƙa wa uban wani kwali mai rubutun harshen da bai iya ba, ya ce karanta, ya matsa masa kamar yadda shi yake matsa wa yaron, har da mu ake yi wa wannan faɗan.

Da gaske haruffa suna rawa a idon irin waɗannan yara?

Nan fa sai an yi hattara. Ishaan ya ce wa malamarsa haruffa suna rawa, kyamara kuma ta nuna mana suna motsi. A fim ɗin Percy Jackson na Amurka, na 2010, haka aka yi, haruffan allo suna sauya wuri. Dabara ce ta masu fim, domin kyamara ba ta iya ɗaukar abin da ke faruwa tsakanin harafi da sauti, dole a ƙirƙiro abin da ido zai gani. Akwai masu matsalar da ke cewa rubutu yana cakuɗe musu, amma binciken masana ya fi karkata ga sarrafa sautukan magana a ƙwaƙwalwa, ba gani ba. Haka ma juya b ta koma d: yara da yawa masu fara rubutu suna yin haka har wajen shekara bakwai, sannan su daina. (Ɗan Hausa ma nasa aikin ya fi yawa, ga b ga d, ga ɓ ga ɗ.) Illar wannan dabara ita ce uba ya tambayi ɗansa ko haruffa suna rawa, yaro ya ce a'a, shi ke nan a yanke cewa lalaci ne kawai.

Duk mai disleksiya yana da wata baiwa ta daban, kamar Ishaan da zane?

A'a, kuma nan ne nake da ja da waɗannan finafinai. Ishaan ya lashe gasar zane ta makarantarsu, sannan kowa ya gane darajarsa. Percy kuwa an ce ƙwaƙwalwarsa an tsara ta ne don tsohon harshen Girka, shi ya sa Turanci ke ba shi wuya. Marubucin labarin, Rick Riordan, ya ƙirƙiro shi ne don ɗansa mai wannan matsala, niyya mai kyau ƙwarai. Malamin Ishaan ma ya jero wa ɗalibai sunayen manyan masana kimiyya irin su Einstein da Edison, alhali batun Einstein bai tabbata ba, zato ne da aka yi bayan mutuwarsa. Wanda ya tabbata shi ne irin Steven Spielberg, mai shirya finafinai ɗan Amurka, da ya faɗa da bakinsa cewa sai da ya kai wajen shekara 60 aka gano masa ita.

To yaron da bai iya zane ba fa, bai iya waƙa ba, bai iya ƙwallo ba? Irinsa ne suka fi yawa. Fim yana bukatar kofi da tafi a ƙarshe, sai ya zama kamar yaro sai ya biya da wata bajinta kafin a daina zaginsa.

Ana warkewa kamar yadda aka nuna?

Abin da malamin ya yi gaskiya ne: rubuta haruffa da yatsa a kan yashi, murza su da yumɓu, koyon lissafi da hawa matattakala, maimaita sauti ɗaya bayan ɗaya. Haka ƙwararru ke koyarwa, a haɗa ido da kunne da hannu. Saurin ne ba gaskiya ba. A fim waƙa guda ta isa yaro ya fara karatu. A zahiri aikin shekaru ne, kuma matsalar ba ta tafiya, mutum dai yana koyon hanyoyin zama da ita. Da yawa suna girma suna karatu a hankali, rubutunsu da kurakurai har tsufa.

Fim ɗin ya canza wani abu a Indiya?

Ya sa kalmar ta shiga bakin iyaye da malamai, ya kuma ci kyautar ƙasa ta fim mafi kyau kan jin daɗin iyali, Indiya ta tura shi gasar Oscar. A 2016 dokar ƙasar ta haƙƙin masu bukata ta musamman ta sanya disleksiya cikin abubuwan da hukuma ta amince da su, bayan shekaru da iyaye da likitoci suka yi suna fafutuka. Sai dai Ishaan ɗan masu hali ne a Mumbai, makarantarsa tana da ɗakin zane, malaminsa kuma shi ma ya sha wannan wahala yana yaro, shi ya sa da ya buɗe littafin ya gane kurakuran nan take, har ya hau mota ya tafi gidan iyayen.