Kwance Yasassun Manhajojin Rubutu a Mahangar Doka

Yasassun manhajojin rubutu su ne manhajojin buga takarda a kwamfuta da masu su suka daina sayarwa da kula da su, wani lokaci ma kamfanin ya rushe. Kwance manhaja kuwa shi ne bin diddigin yadda aka gina ta daga kwafin da ke hannu, ba tare da rubutun asali na waɗanda suka ƙirƙire ta ba. Daina sayar da manhaja ba ya sauke haƙƙin mai ita a doka, ko da shi kansa ya manta da ita.

Tarihi

Kamfanin MicroPro na Amurka ya fitar da WordStar wajajen 1979, kuma fitowarta ta ƙarshe a kan DOS (tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta), wato 7.0, ta zo a 1992. A 1994 kamfanin ya narke cikin SoftKey, wanda daga baya ya koma The Learning Company, Mattel kuma ya saye shi a 1999. Daga nan haƙƙin ya yi ta sauya hannu har sawunsa ya kusa ɓacewa. A 2024 marubucin Kanada Robert J. Sawyer ya ɗora WordStar 7 a intanet kyauta, yana mai cewa yasasshiya ce. Ikirarinsa ne wannan, ba hukuncin kotu ba. A dokar Amurka aikin kamfani yana da kariyar shekara 95 daga fitowarsa, don haka ta 1992 ba za ta zama ta kowa ba sai bayan 2087.

WordPerfect 5.1 ta 1989 tana yawo a intanet kamar marar mai ita, alhali Novell ya sayi manhajar a 1994, Corel ya karɓa a 1996. Shi kuwa Microsoft, a 2014 ya ba gidan tarihin kwamfuta na Kalifoniya rubutun asali na Word 1.1a, amma da sharaɗin ba za a yi kasuwanci da shi ba.

Shari'o'i

A shari'ar kamfanonin wasannin bidiyo Sega da Accolade ta 1992, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta halatta kwance manhaja idan babu wata hanyar gano yadda za a yi wadda za ta yi aiki tare da ita. A 1995 wata kotun ta ce jerin umarnin da kamfanin Borland ya kwaikwayo daga manhajar lissafi ta kamfanin Lotus hanyar sarrafa manhaja ne kawai, ba ya shiga haƙƙin mallaka. Alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da huɗu a 1996, hukuncin ya tsaya. Sai dai a shari'ar Bowers da Baystate ta 2003 an nuna cewa sharaɗin lasisi, wato yarjejeniyar amfani da manhaja, na iya haramta kwancewar da doka ta bari.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya. Dokarta ta 1991 ta ba da damar kwancewa don manhajoji su fahimci juna, kuma lasisi ba ya iya soke wannan dama. Kotun Tarayyar ta ce a 2012 ayyukan da manhaja ke yi da tsarin fayil ɗinta ba sa cikin kariyar da ake ba manhajar, sannan a 2021 ta yarda wanda ya mallaki kwafi ta halal ya kwance shi don gyara kuskure. Babu ɗaya cikin waɗannan hukunce-hukunce da ya halatta rarraba kwafin da aka sauya.

A Nijar

Yarjejeniyar cinikayya ta duniya ta 1994 ta sa manhaja a sahun ayyukan adabi. Nijar tana cikin ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka, OAPI, mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, tana kuma da dokar haƙƙin mawallafa ta Disambar 2010. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, da ke Yamai ne ke kula da wannan fanni.

Inda batun ya fi taɓa masu buga takardu a Maraɗi shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya yaɗu, mai buga Hausa kan yi amfani da haruffan da aka yi wa kwaskwarima, a zana ɗ a gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba. Idan aka buɗe irin wannan takarda a sabuwar kwamfuta, sai alamar asali ta fito a tsakiyar kowace kalma mai ɗ, rubutun ya dagule. Mayar da alamomin zuwa haruffan gaskiya aiki ne a kan rubutun mai takardar, bai shafi haƙƙin kamfani ba. Wanda ya cire makullin tsohuwar manhaja, ya zuba ta a filashi yana sa wa mutane a kwamfutocinsu, shi ne ya taka dokar.

Sau da yawa ma ba a buƙatar tsohuwar manhajar. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe takardun WordPerfect, kuma Microsoft ya wallafa bayanin tsarin tsofaffin fayilolin Word a 2008.

Saɓani

Masana doka ba su haɗu a kan ko sharaɗin lasisi yana hawa kan wanda ya sayi kwamfutar da wani ya riga ya yi amfani da ita, da manhaja a cikinta, bai taɓa ganin lasisin ba.