Firiji ya samu, saura jinin da za a sa a ciki

Assalamu alaikum jama'ar gari. Godiya zan fara yi. Abin da kuka haɗa a masallatai bayan sallar Juma'a, da gudummawar 'yan kasuwa, da ɗan adashen da matan unguwa suka kawo asusun asibitinmu, ya isa har an sayo firijin ajiye jini mai aiki da sola, an kuma kafa shi a ɗakin gwaje-gwaje. Allah ya saka wa kowa da alheri. Jini ba ya son zafi ko kaɗan. Sai an riƙe shi tsakanin digiri 2 zuwa 6, in aka ɗauke wuta ya ɗumama, to sai dai a zubar. Yanzu kuwa leda ɗaya za ta iya yin kwana 35 tana jiran mai buƙata.

Sai dai firijin nan babu komai a cikinsa tukuna, ga damina ta kama.

Mu da ke kwana a asibiti mun san abin da damina ke zuwa da shi. Bara wajen ƙarfe biyu na dare wata baiwar Allah ta shigo da ɗanta ɗan shekara uku a goye. Na buɗe tafin hannunsa, fari fat. Na ja fatar idonsa ƙasa, babu alamar ja. Numfashi yake sama-sama. Zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye masa jini, domin ƙwayar cutar a cikin jajayen ƙwayoyin jini take hayayyafa, tana fasa su. Likita ya ce a yi ƙarin jini yanzu-yanzu. Mazan da suka rako ta su uku, da jin haka sai kowa ya fara kallon ƙasa. Mai shayin bakin ƙofar asibiti ne ya bar tukunyarsa a kan wuta, ya shigo ya miƙa hannu. Kwana biyu bayan haka yaron na zaune yana shan koko.

Ban ga laifin mutanen nan ba, tsoro ne, kuma tsoron nasu na sha jin sa. Wani ya ce jininsa zai ƙare, wani ya ce zai rasa ƙarfinsa na namiji. Malam, babban mutum yana ɗauke da jini kusan lita 5. Abin da muke ɗiba bai kai rabin lita ba, mililita 450 ne. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin kuma su cika cikin 'yan makonni. Ba ya taɓa ƙarfin kowa. Allura da ledar sababbi ne, a gabanka ake ɓare su, an yi amfani da su sau ɗaya an jefar.

Mai shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50 kuma yana da lafiya, zai iya bayarwa. Namiji duk bayan wata uku, mace bayan wata huɗu, banda mai juna biyu da mai shayarwa. Kafin a ɗiba sai mun auna hawan jininka da yawan jinin, in bai isa ba ba za mu taɓa ka ba. Kowace leda kuma sai an gwada ta saboda ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Shi ya sa nake roƙon ku, ku guji masu sayar da jini da ke raɓe a bakin asibitoci. Mutumin da yunwa ta sa yake sayar da jininsa akai-akai ba zai faɗa maka gaskiyar lafiyarsa ba.

Ba yara kaɗai ke jira ba. Akwai matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, wadda 'yan awoyi kaɗan suka isa a rasa ta. Akwai masu sikila, akwai waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su.

Iyaye mata, ku ma da naku aikin, don kada yaro ya kai ga wannan hali. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka ƙwanƙwasa ƙofa, a ba su yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a kuma cika ragowar shan kwana biyun da ake barin muku a gida. A kwana cikin gidan sauro. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta sha maganin ƙarin jinin da ake ba ta, a yawaita zogale, wake da alayyafo in da hali. Shayi kuma a jinkirta shi bayan an ci abinci, domin yana hana jiki tsotse sinadarin da ke gina jini.

Mun buɗe littafin masu ba da jini a ɗakin gwaje-gwaje. Ka zo da safe bayan ka karya, mu duba rukunin jininka, mu rubuta sunanka da lambar waya. Masu rukunin O negetif musamman muna neman ku, don naku ne ake iya sa wa kowa a lokacin gaggawa, ga shi ba ku da yawa.