Shirin gudun fanfalaki: tambayoyi kan atisaye da abin da ya kamata ya shiga ciki

Duk shekara idan Fabrairu ya gabato aka fara tallar gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda ake yi tun 2016, sai ka ga samari sun taso da tambayoyi, kuma kusan duka a kan abinci ne, wai me zan sha in samu ƙarfi. To ga amsoshin, amma da atisaye za mu fara don shi ne gaba.

Wai nisan nawa ne ake magana?

Cikakken fanfalaki kilomita 42.195 ne, rabinsa kilomita 21 da ɗan ɗoriya. Akwai kuma na kilomita 10 irin wanda ake yi a Okpekpe ta jihar Edo, da na kilomita 5. Idan baka taɓa tseren titi ba don Allah ka fara da 5 ko 10, ba abin kunya bane.

Ina buga ƙwallo duk yamma, ba zan iya shiga haka kawai ba?

Kilomita 10 kam zaka iya lallaɓawa ka ƙarasa. 42 kuwa a'a. Ƙwallo gudu ne na a ruga a tsaya, shi kuwa wannan awa huɗu ko biyar ne ƙafarka na dukan kwalta babu hutu, kuma matsalar ita ce zuciya da huhu suna saurin sabawa amma ƙashi da jijiyoyin agara da gwiwa sai a hankali, shi yasa mutum zai ji numfashinsa garau ya ƙara nisa da yawa, bayan sati uku ƙwabrinsa ya fara ciwo ya koma zaman gida. Wanda ya riga ya saba gudu yana buƙatar kamar wata huɗu zuwa biyar na shiri. Gudu sau uku ko huɗu a sati, ɗaya daga ciki dogo, kana ƙara nisan kaɗan-kaɗan, masu horarwa kan ce kar ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a sati. Dogon gudun ya kai kilomita 30 ko 32 ya isa. Saura sati biyu zuwa uku tsere sai ka rage, jiki ya murmure.

Kenan kullum sai na yi gudu har na galabaita?

Nan ne mafi yawa suke ɓata lamarin. Kusan kashi 80 cikin 100 na gudunka ya zama mai sauƙi, irin wanda kana yi kana hira da na gefenka. Sauran ne na sauri ko hawan tudu. Hatta 'yan Kenya da ake kallo a talabijin haka tsarinsu yake, ranar sauƙi sauƙi ce da gaske. Mu kuwa kowa so yake ya nuna ya fi abokinsa tun a atisaye, ranar tsere kuma ƙafa ta riga ta mutu.

Me yasa ake cewa a kilomita 30 ake ƙamewa?

Jiki yana ajiye sukari a cikin tsoka da hanta, sunansa gilaikojin, kuma ajiyar bata da yawa, kamar giram 500 ce ko ƙasa da haka, wato wajen kalori 2,000. Fanfalaki kuma yana cin fiye da haka ga yawancin mutane. Idan ajiyar ta ƙare jiki ya koma ƙona kitse, kitsen kuwa akwai shi da yawa ko a jikin siriri, sai dai baya ba da ƙarfi da sauri, kamar babur ne da mai ya koma rizab, yana tafiya amma baka isa ka murɗa totur ba. Ƙafa tayi nauyi, kai ya ɗaure, wasu har jiri. Dogon gudu a hankali shi ke koya wa jiki ƙona kitse ya tattala sukarin, abinci kuma shi ke cika ajiyar. Ɗaya baya maye gurbin ɗaya.

To me zan rinƙa ci? Sai na sayi garin nan na gwangwani?

Wallahi ba sai ka saya ba. A sansanonin Kenya irin na Iten da Kaptagat babban abincinsu ugali ne, wanda tuwon masara ne kawai mai tauri, da ganye da wake da shayi mai madara da suga. 'Yan Habasha kuma injera, wata irin waina mai faɗi. Eliud Kipchoge, ɗan tseren Kenya da yayi kilomita 42 cikin awa 1:59:40 a birnin Biyana na Austriya a 2019, duk da ba a lissafa shi a matsayin tarihi na hukuma ba, a Kaptagat yake atisaye, abincin nan yake ci. Tabbas suna da abin da ya fi abinci, tsaunuka, Iten kusan mita 2,400 take sama da teku, kuma mu ma a nan ba banza ba yawancin gwanayen dogon gudu na Najeriya daga Filato suke fitowa.

Saboda haka tuwo, shinkafa, taliya, dankali, doya, fura, kunu, su ne manka. Sai furotin don gyaran tsoka: wake, ƙwai, kifi, nama, nono, awara, gyaɗa. Mai atisaye sosai yana buƙatar kamar giram 1.2 zuwa 2 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana, kuma gara a raba shi safe, rana, dare da a zuba shi duka a cin tsire ɗaya. Bayan dogon gudu kar ka zauna da yunwa, fura da nono a wannan lokacin ta haɗa komai, ruwa da sukari da furotin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙarancin jini, musamman ga mata masu gudu saboda al'ada. Idan sinadarin ƙarfe yayi ƙasa jini baya ɗaukar iska yadda ya kamata, sai ki ga gudun da kika saba yana ba ki haki. Hanta, nama, wake, alayyahu da zogale suna taimakawa, lemon zaƙi ko na tsami a kan abinci yana sa jiki ya ɗebi sinadarin, shayi nan take bayan cin abinci kuma yana rage shi. In gajiyar taƙi tafiya aje asibiti a gwada jini, kar a fara shan magani da ka.

Daren tsere in cika ciki taf?

A'a fa. Lodin abinci mai sitaci kwana biyu kafin tsere ake farawa, kamar giram 8 zuwa 10 na sitaci a kowane kilo na nauyinka, mai kilo 60 kenan yana neman giram 480 zuwa 600 a rana, a rarrabe. Daren kuma ka ci abin da ka saba da wuri, ka rage mai da yaji da wake da ganye, in ba haka ba cikinka zai murɗa kana tsakiyar tsere. Da safe awa biyu zuwa uku kafin a tashi, burodi da shayi ko koko da ayaba. Abin da baka gwada a atisaye ba kar ya shiga bakinka ranar, ko kyauta aka miƙo maka.

A cikin gudun fa?

Tseren da bai wuce awa ɗaya ba ruwa ya isa. Wanda ya haura haka ana son giram 30 zuwa 60 na sukari duk awa, ayaba ɗaya matsakaiciya tana ba da wajen 25, dabino ma yana yi kuma ya fi sauƙin ɗauka a aljihu. Ruwa kuwa kurɓa ake yi a kai a kai. Kwankwaɗar ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini har ya kai mutum asibiti, musamman masu tafiya a hankali da ke tsayawa a kowane tebur. A zafi da gumi irin na Legas ka haɗa da abu mai ɗan gishiri.

In azumi ya faɗo cikin shiri fa?

Rage nisa da sauri, ka yi ɗan gudu mai sauƙi dab da shan ruwa, mai wahalar kuma ka bar shi sai dare bayan ka ci ka sha abinci ya faɗa. Dogon gudu da rana tsaka da ƙishi ba jarumta bace.

Wani yace in sha ƙwaya ba zan ji gajiya ba.

Tiramadol yake nufi, kuma kar ka soma. Ciwo kawai take rufewa, sai ka cigaba da taka ƙafar da ta samu rauni baka sani ba, ga jiri ga jaraba, kuma WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da goro shi an halatta, yana ɗan taimakawa ma, amma shi ma ka fara gwada shi a dogon gudun ƙarshen mako ka ga yadda cikinka da bugun zuciyarka zasu karɓe shi.