Mene ne tiyatar ƙarin tsawo, kuma shekarun namiji na da tasiri a kanta?

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan da wuya bai ci karo da irin bidiyon nan ba: namiji baligi, da gemunsa, yana dogara ƙarfen koyon tafiya a barandar wani asibiti a Turkiyya, can kuma a nuno shi bayan watanni ya ƙaru da tsawon ɗan yatsa. Samarinmu na Sakkwato na tura wa juna, ana tattauna shi a majalisa daga Mabera har Gawon Nama, wasu da dariya, wasu kuwa da gaske suke. Tambayar masu gaskiyar kusan ɗaya ce: "Ni da na haura 30, na makara ne?" Kafin a amsa ta, gara a san me ake nufi da wannan tiyata, domin farko da ƙarshe kawai bidiyon yake nunawa.

Tiyatar ƙarin tsawo ita ce a karya lafiyayyen ƙashin ƙafa da gangan, na cinya ko na ƙwauri, sannan a riƙa raba ɓangarorin biyu kaɗan-kaɗan, jiki yana cike gurbin da sabon ƙashi. Ba a dasa wa mutum ƙashin wani, jikinsa ne ke yin aikin. Bayan likita ya yanke ƙashin, akan saurara kwana 5 zuwa 7 har wurin ya fara tara ɗanyen ƙashi mai taushi, irin wanda ke fitowa a kowace karaya. Daga nan sai a fara ja, milimita 1 kacal a rana, kuma akan raba ta gida uku ko huɗu. Kamar mai jan alewa ne tun tana da ɗumi: in ya fizga ta tsinke, in ya yi nawa ta daskare. Haka ƙashin yake. In aka yi sauri, gurbin ba zai cika ba. In aka yi jinkiri, ya haɗe tun ba a kai inda ake so ba, sai an sake karyawa.

Wani likitan Italiya, Alessandro Codivilla, ya gwada tsawaita ƙafa tun 1905, amma wanda ya gano ƙa'idar ja a hankali shi ne Gavriil Ilizarov, likita a garin Kurgan na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a shekarun 1950. Ba don kwalliya ya yi ba. Majinyatansa mutane ne masu karayar da ta ƙi ɗoruwa da masu nakasar ƙafa. Sunansa ya fito ne a 1968, da ya yi wa zakaran tsalle Valeriy Brumel aiki bayan haɗarin babur ya ragargaza masa ƙafa, kuma sai a farkon shekarun 1980 dabarar ta isa Yammacin Turai ta Italiya.

Na'urar Ilizarov zobba ne na ƙarfe da ke kewaye ƙafa, da tsinkayen ƙarfe da ke huda fata da tsoka su ratsa ƙashi su fita ta ɗaya gefen. Majinyaci da kansa yake ɗaukar sifana ya murɗa noti a kan lokaci, kuma sai ya riƙa wanke bakin kowane tsinke, domin nan ne ƙwayar cuta ke shiga. Mai zaune a Sakkwato ya tuna zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, ya tuna zai yi watanni da ramuka a buɗe a ƙafarsa. Ta zamani kuwa sanda ce da ake zurawa cikin ramin ɓargo. Wadda ta fi shahara, Precice, ta samu izini a Amurka a 2011. Akwai maganaɗisu a cikinta, mutum zai ɗora wata na'ura a kan cinyarsa, sandar ta miƙe daga ciki ba tare da komai ya fito waje ba. Ita ma ba a rasa ta da matsala: samfurinta mai suna Stryde an janye shi daga kasuwa a 2021 saboda ciwo da sauyin da aka gani a ƙashin wasu majinyata. Akwai kuma ta tsakiya, sanda a ciki da ƙarfe a waje, wadda ta fi araha.

To, batun shekaru. Akwai iyaka ta ƙasa, kuma ita ce mai ƙarfi. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ne tsawo ke fitowa. A maza yakan rufe ne wajen shekara 16 zuwa 18, wasu su ɗan zarce. In ya rufe, shi ke nan, babu ƙwaya ko garin magani ko motsa jikin da zai ƙara wa ƙashi tsawo, kuma masu tallar maganin tsawo a intanet cin kuɗin mutane kawai suke yi. Likitan kirki ba zai yi tiyatar kwalliya ba sai hoton ƙashi ya nuna faifan ya rufe.

Ta sama kuwa babu wata shekara da aka yanke aka ce daga nan an rufe ƙofa. Ana yi wa 'yan 40, ana yi wa wasu da suka haura 50. Amma wannan ba ya nufin shekaru ba su da tasiri. Ƙarfin ƙashi yakan kai ƙololuwa ne wajen shekara 30, daga nan ya fara raguwa sannu a hankali, saurin warkewa ma haka. Da ƙarfen waje, yaro kan buƙaci kimanin wata 1 a kan kowace santimita kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari, babba kuwa wata ɗaya da rabi zuwa 2. Wato magidancin da ke son santimita 6 zai iya kusan shekara da ƙarfe a ƙafa. Abin da likita ke dubawa ya wuce takardar haihuwa: ingancin ƙashi, ciwon suga, hawan jini, ƙiba, da shan taba, wadda ke hana ƙashi haɗuwa ƙwarai. Ɗan 45 mai lafiya da motsa jiki zai iya fin ɗan 25 mai zuƙar sigari samun sauƙi. A wajenmu dole a ƙara da sikila, domin masu ita sun fi kowa haɗarin ciwon ƙashi da toshewar jini.

Ni a ganina, inda shekaru suka fi nuna kansu ba a ƙashi ba ne. Ƙashi yana tsiro, amma tsoka da jijiya da fata miƙe su ake yi, kuma na babba sun fi tauri. Shi ya sa aka fi tsayawa a kimanin santimita 8 a cinya, 5 zuwa 6 a ƙwauri. Santimita 8 kwana 80 ke nan na ja, kowace rana da gashin ƙashi mai sa ƙato hawaye. Wanda ya yi sakaci da gashin, agararsa za ta ɗaure, diddige ya ƙi taɓa ƙasa, ko gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Jijiyar da ke bi ta gefen gwiwa in ta jigata, tafin ƙafa ya daina ɗaguwa. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take: sujada, zaman tahiya, tsuguno a bayi, cin tuwo a tabarma, hawan kabu-kabu. Wanda ya tallata tiyatar a Istanbul ko Florida ba lallai ya yi wannan lissafin ba. Ga kuma haɗarin da ke kisa, wato gudan jini ko kitsen ɓargo ya bi jini ya toshe huhu. Ba kullum yake faruwa ba, amma ya faru.

Kuɗin ma ba na wasa ba ne. A Amurka yakan haura dala 70,000. Turkiyya da Indiya sun fi sauƙi, amma duk da haka miliyoyin naira ne masu yawa, ban da masauki na watanni da zaman rashin aiki. Bayan shekara 1 zuwa 2 kuma akwai wata tiyatar ta ciro sandar. In matsala ta taso bayan an dawo gida, wanda ya yi aikin yana wata ƙasa. Ƙasar Sin ta hana yin ta don kwalliya tun 2006 saboda yawan waɗanda suka nakasa. Saurayin da ke hangen aikin soja, inda ake neman mita 1.68 ga namiji, ko ɗan sanda mai mita 1.67, ya san cewa aikin gudu ne da tsalle, kuma su ne abubuwan da suka fi daɗewa ba su dawo daidai ba.

Ba na raina damuwar gajeren mutum. Tsokanar da ake yi masa tun yana makarantar allo tana zama a zuciya, kuma wasu har wurin neman aure sun ji ta. Sai dai malamai sun bambanta gyaran aibi da sauya halitta don ƙawa. Hujjar gyara ita ce sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Hujjar hani kuwa aya ta 119 ce a Suratun Nisa'i, da ƙa'idar kada mutum ya cutar da kansa. Mai ƙafa lafiya lau da ke son ƙari ya zauna da malami masani, ya kuma zauna da likitan da ba shi zai karɓi kuɗin ba.

Waɗanda aka ƙirƙiro dabarar dominsu kuwa suna nan cike da garuruwanmu: wanda shan inna ta bar wa ƙafa ɗaya gajera, wanda ya yi haɗari aka kai shi wurin mai ɗori ƙashin ya haɗe a karkace, yaron da ciwon ƙashi ya cinye masa faifan girma. Ƙaramin bambanci ana gyara shi da ƙarin dunduniyar takalmi, babba kuwa shi ne ke kai wa ga tiyata. A nan ƙuruciya riba ce, domin ƙashin yaro ya fi saurin cikewa, kuma likita na iya rage saurin girman doguwar ƙafar tun faifanta bai rufe ba, har gajerar ta kamo ta. Uban da ya ga ɗansa na ɗingishi ya kai shi sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko a auna ƙafafun, in abin ya fi ƙarfin nan a tura shi asibitin ƙashi na Dala a Kano.